Daren Kwalliya a Jirgin Norway

Porthmadog,
Ƙarshen watan Yuli.

Zuwa ga Yayata Nesta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Trefor da yara da jikoki. Allah ya ƙara miki sauƙin gwiwar nan, ya sa sanyin da kika ce ya sauko muku a Dunedin ya tafi bai taɓa ƙirjinki ba. Mu nan zafi ake yi, irin namu dai, da an kwana biyu sai ruwa ya dawo. 'Yata Carys tana lafiya, ita da mijinta da 'yan matansu, babbar ta gama makaranta tana neman aikin jinya. Ɗana Huw yana Cardiff, yakan kira ranar Lahadi idan ya tuna. An yi wa Menna ta gidan Kawu aikin ƙugu, har ta fara takawa da sanda tana yi wa kowa faɗa, kin ga ke nan ta warke. Cocinmu kuma yanzu idan muka cika goma sai mu riƙa taya juna murna.

Na san za ki ce me ya hana in kira ki a waya. Kunnenki ya yi nauyi, sai na ɗaga murya kike ji, ga maigidana Elwyn zaune kusa da ni kullum, abin da zan gaya miki kuwa ba na ɗaga murya ba ne. Yanzu yana barcin rana, shi ya sa na jawo kujera na zauna.

Kin san tun bara likita ya gaya mana sunan ciwon mantuwar da ke damunsa. Abin da ban gaya miki ba shi ne yadda ya yi sauri daga hunturu zuwa yanzu. Duk da haka na kama mana ɗaki a jirgin ruwan da ke tashi daga Southampton ya zaga gaɓar Norway, tafiyar da yake ta cewa za mu yi tun ranar da ya ajiye aikin jirgin ƙasa. Carys ta ce, "Mama, mutumin da ke ɓata tsakanin kicin da banɗaki za ki kai cikin jirgi mai hawa goma sha wani abu?" Likita kuwa ya ce in dai za a je, to a je bana. Gaskiyar magana, Yaya, ba duwatsu na je gani ba, muna da namu a bayan gida. Daren kwalliya ne ya kai ni. A irin wannan tafiya akan ware dare biyu da kowa zai sha ado kafin ya shiga cin abinci, maza baƙar kwat da farar riga da ɗan lakatayen nan mai kama da malam-buɗe-littafi, mata kuma doguwar riga har ƙasa. Elwyn ya yi shekara arba'in yana sa wannan kaya a ƙungiyar mawaƙan maza, kin sha ganinsa a ciki, kin san yadda kafaɗunsa ke miƙewa da ya sa. Na raya a raina cewa in ya sake sa kayan nan, ya ji kiɗa, zai dawo mini ko na yamma ɗaya ne.

Ni ma ban bar kaina a baya ba. Muka je Bangor da Carys na sayi koriyar riga mai santsi, rabona da sayen irinta tun bikin Huw. Tana da zif a baya tun daga wuya har ƙugu. Yarinyar kantin ce ta ja mini shi a ɗakin gwaji, ban ko kawo komai a raina ba, don tunda na yi aure ban taɓa neman mai ja mini zif na rasa ba.

Kwanakin farko sun yi daɗi. Elwyn yakan zauna a barandar ɗakinmu ya yi ta kallon ruwa, hankalinsa kwance, ya fi yadda yake a gida. An haɗa mu teburi ɗaya da wasu mata da miji daga Halifax, Beryl da Clive. Beryl irin matan nan ne da ake jin muryarsu kafin a ga fuskarsu, wannan tafiyarsu ta tara ke nan, ta san ƙa'idar komai. Daga miya har shayi suna faɗa. Ita ta ce wandonsa na kwat ya matse shi don ya mayar da cikinsa rumbun kek, shi ya ce ai wandon ne ya tsufa ya tsuke kamar wasu. Ta ce, "Ka ji tulun nan, wai ni yake wa habaici." Ya ce, "Ci abincinki, tsohuwa, kafin ya huce kamar ƙaunata." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Ban san ana kewar faɗa ba sai ranar. Ni da Elwyn mun yi kusan shekara biyu ba mu yi musu ba, don musu sai da wanda zai tuna abin da ka faɗa jiya.

Daren kwalliya na farko na fara shirya shi tun la'asar. Na yi masa aski, na goge rigar, na sa masa maɓallan hannu na azurfa da Baba ya ba shi ranar aurenmu. Duk ya tsaya tsaf kamar yaron kirki. Sai na miƙa masa lakatayen. Ya rataya a wuya, ya ɗaga hannuwa biyu kamar yadda ya saba, sai hannuwan suka tsaya a nan. Mutumin da a da yake ɗaure shi a cikin motar haya mai gudu, a cikin duhu, yana waƙa. Ya juya bakin nan, ya juya wancan, ya ƙulla kamar igiyar takalmi, ya kwance. Na ce kawo in gwada, alhali ban taɓa koya ba, don ban taɓa bukata ba. Ina ta laluben wuyansa, shi kuma numfashinsa yana ta hawa, sai kawai ya doke mini hannu. Da ƙarfi, Yaya, har sarƙar agogona ta ɓalle. Shekara arba'in da shida bai taɓa ɗaga mini ko yatsa ba. Ya koma bakin gado ya zauna, bayan ɗan lokaci ya ɗago ya ga ina murza wuyan hannuna, ya ce, "Glen, bugewa kika yi? Ki riƙa kula mana." Ya riga ya manta.

Ba mu fita ba ranar. Na sa aka kawo mana burodi da cuku a ɗaki. Muna zaune muna ci, shi da farar rigarsa wuya a buɗe, ni da rigar wanka, ina jin mutane suna wucewa ta ƙofarmu, sautin takalma da kacau-kacau ɗin sarƙoƙi da dariya, ƙamshin turare yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Koriyar rigar tana rataye a jikin kabad, ko ledarta ban cire ba.

Washegari na tambayi Clive ko zai koya mini ɗaurin. Beryl ta kwashe da dariya ta ce wa, wannan? Ai nasa ɗaurarre ne tun daga kanti, mai ƙugiya a baya irin na yaran amarya. Na san Elwyn ba zai taɓa yarda da irin wannan ba, ko ya manta sunansa. Sai na gaya wa Carys ta turo mini hoton koyarwa mai motsi a waya. Kwanakin da suka biyo baya, duk lokacin da ya kwanta barcin rana, ni ina zaune ina ɗaura wa cinyata lakataye. Jirgi ya tsaya a Bergen, ya shiga tsakanin duwatsun nan da ruwa ke zubowa daga kansu, mutane suna ta fita da kyamarori, ni kuwa rabin abin ta taga na gan shi, kaina yana sunkuye a kan gwiwa.

Ranar dare na biyu na sami wata ma'aikaciya ta zauna da shi, na je aka yi mini gyaran gashi, aka naɗe shi sama. Na dawo na shafa hoda da janbaki, na sa 'yan kunnen Mama, na zura koriyar rigar na bar bayan a buɗe, sannan na shirya shi. Da aka zo kan lakataye sai na zaunar da shi gaban madubi, na tsaya a bayansa na zagayo da hannuwana. Ya ɗauru tashi ɗaya. Ya miƙe, na sa masa kwat, ya ja bakin hannun rigar, ya ɗaga haɓa, kafaɗun nan suka miƙe. Har ya fara ɗan gunjin waƙa a maƙogwaro, irin wanda yake yi kafin su hau dandamali. Elwyn ɗinmu ne sak, Yaya. Sai ya juyo ya dube ni da fara'a, ya ɗan rusuna ya ce, "Na gode ƙwarai, baiwar Allah. Kin iya aikinki. Matata za ta ji daɗi in ta gani."

Na ɗauka wasa yake yi, kin san shi da tsokana. Na juya masa baya na ce to ranka ya daɗe, a biya ni ladan aikina, a ja mini zif. Bai taɓa zif ɗin ba. Da na waiga sai na ga ya ja da baya har ya jingina da ƙofar banɗaki, ya kawar da kai, kunnuwansa sun yi ja. Ya ce in yi haƙuri, shi mai aure ne, bai dace ba, in nemi mace 'yar'uwata. Cikin ladabi ya faɗa, kamar mai tsoron kada ya ɓata mini rai.

Na yafa gyale na rufe bayana, na ce ya jira ni, na fita. Ɗakin su Beryl yana can ƙarshen layinmu. Na bi ta tsakanin mutane masu ado, hannuna ɗaya a baya ina riƙe da riga kada ta zame, ina yi wa kowa murmushi. Beryl ta buɗe ƙofa tana cewa Clive ya zauna mata a kan jaka, sai ta ga fuskata. Ta juya ni ta ja zif ɗin, ta saƙala 'yar ƙugiyar sama, ta bar tafin hannunta a tsakiyar bayana na ɗan lokaci. Ba ta tambaye ni komai ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Janbakinki ya taɓa haƙori, 'yar'uwa, goge."

A wurin cin abinci Elwyn ya burge kowa. Ya ja mini kujera, ya zuba mini ruwa, ya ba Clive labarin ranar da tunkiya ta tsayar musu da jirgin ƙasa a kan gada, bai yi kuskuren kalma ɗaya ba. Wata mata daga teburin kusa ta sunkuyo ta ce mini Allah ya ba ni miji, irinsu sun ƙare. Clive ma ya raɗa mini cewa shi fa bai ga wani ciwo ba, mutumin nan garau yake. Na ce haka ne. Me zan ce? Duk wanda ke ɗakin nan yana ganin mata da miji, ni kaɗai na san baƙuwa yake yi wa kara.

Da aka tashi muka koma zauren rawa. Rana ko faɗuwa ba ta yi ba, haka take a can a wannan lokaci, haskenta yana shigowa ta manyan tagogi yana faɗa wa rigunan mata. Makaɗa suka fara wani kiɗa mai sanyi na zamaninmu. Ya miƙe ya gyara kwat, ya ce ko zan yi masa alfarmar rawa ɗaya kafin matarsa ta iso. Na ba shi hannuna. Ƙafafunsa ba su manta komai ba. Yana juya ni yana ba ni labarinta. Wai sunanta Glenys, 'yar gidan mai gasa burodi ce, tana da yaya mai baki wadda ta so ta hana auren, kin ji rabonki. Wai tsoron ruwa take yi, ko kwale-kwale ba ta shiga, amma ta yarda ta hau jirgi saboda shi. Wai ba ta iya kunu ba, kullum sai ya kama, shi kuma yana shanyewa bai taɓa gaya mata ba. Ya ce duk wurin da ya tsaya yin waƙa, sai ya nemo inda take zaune kafin ya buɗe baki, in bai gan ta ba muryarsa ba ta fita daidai. Yaya, bai taɓa gaya mini wannan ba. Sai da na zama wata sannan na ji.

Kiɗa ya ƙare, ya rako ni kujerata ya yi godiya, sannan ya tafi bakin ƙofar zauren ya tsaya, hannuwa a baya, yana duban matakalar da mutane ke saukowa. Duk macen da ta ɓullo sai ya ɗan miƙa wuya, in ta matso ya gane ba ita ba ce, ya koma yadda yake. Ina zaune ina kallonsa yana jirana. Beryl ta ce bari ta tura Clive ya dawo da shi, na ce a ƙyale shi. Na tashi na je na tsaya kusa da shi. Ya ce, "Ke ma wani kike jira?" Na ce e, mijina. Ya ce to mu jira tare, ai ya fi. Haka muka tsaya kafaɗa da kafaɗa muna kallon matakala, ma'aikata suna raɓa mu da faranti, aka yi kiɗa ya fi biyar. Da na ga ƙafafunsa sun fara rawa don gajiya sai na ce masa na san matarsa, ta aiko cewa ya je ɗaki za ta same shi a can. Ya yi ajiyar zuciya ya ce haka take, kullum sai ta makara.

Beryl ta biyo mu har ƙofa ta sauke mini zif ɗin ta ƙarƙashin gyale. Na shiga banɗaki na cire rigar, na wanke fuska, na warware gashin, na sa tsohuwar suwaitata mai ruwan toka. Da na fito yana zaune a bakin gado da kwat ɗinsa. Ya ɗago ya ce, "Glen, ina kika shiga? Na yi ta jiranki. An yi rawa, har na yi da wata mata, mai kirki ce, sai dai tana taka ƙafa." Na ce ya yi haƙuri, gashina ne ya ɓata mini lokaci. Ya ce ba komai, sai wani karon. Na durƙusa na kwance masa takalma.

Kada ki ce laifin rigar ne, ni ma haka na so in gaya wa kaina. Tun da muka dawo ya sake faruwa sau biyu, ina cikin wannan suwaitar, a kicin ɗinmu. Ranar Talata ya tambaye ni ko ni ce mai shara, ya kuma ɓoye walat ɗinsa. Kwana biyu kafin nan maƙwabci ya tsinto shi a tashar jirgin ƙasa da silifa, wai zai kama aikin safe. Tun kafin tafiyar Carys ta samo masa wuri a wani gidan kula da tsofaffi a Criccieth, ɗakin yana kallon teku, ni ce nake ta ja da baya ina cewa a bari mu dawo tukuna. To mun dawo. Na ce musu to, farkon Satumba. Sun ce a kawo masa kaya masu sauƙin sawa, marasa maɓalli, takalma kuma marasa igiya. Ina ta haɗawa a hankali, in yana barci.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ki zo, Yaya. Na san nisan, na san gwiwar, na san Trefor ba ya son a bar shi da tukunya. Shekara goma sha takwas rabonki da gida, ban taɓa cewa ki zo ba, ko da Mama ta rasu na ce ki zauna. Yara suna ƙoƙari, amma su ubansu suke rasawa, kuma in sun share hawaye kowa yana da gidan da zai koma. Ni zan kai shi in dawo in buɗe ƙofar nan ni kaɗai. Ina so a ce kina ciki a ranar, ko da faɗa za ki yi mini a kan yadda nake dafa shayi. Ɗakin Huw yana nan, zan sa a gyara gadon.

Ki gaishe mini da Trefor, ki ce na ji labarin tumatirinsa. Ki gai da yaranki, Bethan da mijinta, da Geraint, da ƙaramar jikarki Lowri da ban taɓa gani ba sai a hoto. Carys da Huw suna gaishe ki, Menna ma ta ce a gaya miki har yanzu tana jiran amsar katinta na Kirsimeti. Elwyn ma da safe na ce zan rubuta miki, ya ce a gai da mai bakin nan.

Na sa miki hoto ɗaya a cikin ambulan, mai ɗaukar hoton jirgi ne ya tare mu a gindin matakala kafin mu shiga cin abinci. Za ki ga 'yar tazara tsakaninmu. Mutumin ya ce ya matso ya riƙe ni, Elwyn ya ce a'a, nan ma ya isa. Shi ya yi kyau ƙwarai, ki duba lakatayen, ni na ɗaura. Matar da ke gefensa kuwa na daɗe ina kallonta. Ke kaɗai kika rage cikin waɗanda suka san ni tun kafin shi. Ki duba ta da kyau, ki rubuto ki gaya mini ko kin gane ta.

Ki huta lafiya.

Taki ƙanwa,
Glenys.